Alkawarin Tela

Sati uku ke nan yadi biyu na ajiye a kan teburin Tela, ɗaya shuɗi ɗaya kore, almakashi bai taɓa ko ɗaya ba. Shuɗin na makarantar kuɗi ne da ke bakin titi, mai ƙofar ƙarfe da motar ɗaukar yara. Koren na firamaren gwamnati ne da ke bayan layinsu, wadda katangarta ta zube ta gefe ɗaya har awaki suka mai da wurin hanya. 'Yarsa Auta ta cika shekara shida, saura kwana goma a koma makaranta.

Tela shuɗi yake so. Kullum da safe yana ganin 'ya'yan maƙwabcinsa mai gyaran waya suna ɗaga hannu daga cikin motar, abin na yi masa ƙaiƙayi. Matarsa kuwa kore take so, don ta san in shuɗi aka yanka sai an sayar da keken ɗinkinsa na biyu, mai aiki da wuta, wanda ke ɗauke rabin aikin shagon.

"Ni ma ta gwamnati na yi," ta ce, "kuma har yau ni ke karanta maka takardar magani."

"Wancan zamani daban, Maman Auta."

Ranar Asabar makarantar kuɗin ta buɗe ƙofa ga iyaye, suka je. Mai makarantar mutum ne mai fara'a, yana tafe tumbinsa na yi masa jagora. Ya nuna musu fanka a kowane aji, da bangon da ke ƙamshin sabon fenti, da kwamfutoci shida a lulluɓe da zane. Matar Tela ta tambayi inda malaman suka yi karatu, aka miƙo mata lemo mai sanyi.

Daga nan aka kai su aji huɗu, inda aka tara wasu ɗalibai. Mai makarantar ya yafito wata siririyar yarinya, ya ba ta littafi. Ta karanta shafi guda tiryan-tiryan.

Matar Tela ta san hadda in ta ji ta. Ta buɗe jaka ta zaro tsohuwar jaridar da suke naɗe ɗinki da ita, ta miƙa. Yarinyar ta warware takardar, ta karanta labarin gyaran gada ba gargada, sannan ta yi bayaninsa da bakinta. Sauran yaran suka saki baki suna kallonta.

Tela ya gyara tsayuwa, ya kawo nasa gwajin. In riga ɗaya na cin yadi biyu da rabi, riga shida fa?

"Goma sha biyar, Baba. Amma in masu dogon hannu ne, ka ƙara."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Abu ɗaya kawai ya ɓata masa rai, shi ma na sana'a ne: rigar yarinyar. Kafaɗar ta zubo mata har dantse, an tattare bayan an kama da fil, ga karin ninki nan raɗau. A ransa ya tsine wa telan da ya yi wannan aika-aika.

"Kawu, zan sha ruwa," in ji yarinyar. Ta fita ta yi dama, mai makarantar ya kamo kafaɗarta ya juya ta hagu. Tela ya ƙara jin wurin ya kwanta masa. Makarantar da yara ke kiran shugabanta Kawu ai gida ce.

A tsakar filin, gaban iyaye kusan ashirin, ya ɗaga yatsa.

"Ku shaida. Inda aka koya wa yarinyar nan karatu, nan 'yata za ta, ko da keken zai tafi."

Matarsa ita ma ta ji da kunnenta. Ta ce, "Magana zarar bunu, Baban Auta. Na yarda." Kafin su fita Tela ya tsayar da yarinyar ya ce ta zo shagonsa ranar Litinin, zai ɗinka mata rigar makaranta daidai jikinta, kyauta.

Litinin tun da safe ya goge keken ya zuba masa mai, kamar mai shirya doki zuwa kasuwa. Mai saye zai zo bayan la'asar. Matarsa ta kawo Auta awo, ta zauna a benci ba ta ko kalli keken ba. Ya ture koren yadin gefe, ya shimfiɗa shuɗin ya shafe shi da tafin hannu. Zai isa riga biyu.

Da hantsi yarinyar ta iso tare da mahaifiyarta, wadda ta yi ta godiya tun daga bakin ƙofa. Tela ya ce baƙo ake fara sallama. Ya ɗauko tef ya auna kafaɗa, ya auna tsawo, ya ja layi da alli a kan shuɗin. Ya ɗaga almakashi.

"Baba, ba wannan ba," yarinyar ta ce, tana nuna koren da ke gefe. "Shuɗiyar rigar nan, Kawu ne ke ara mini ita duk ranar da iyaye za su zo. Ni a ta gwamnati nake, nan bayan layinku."