Tandun Kwalli a Bayan Gilashi

Shekara da shekaru Baba yana sayar da laima da huluna a ƙofar wani babban gidan tarihi a Manhattan, amma bai taɓa leƙa ciki ba. Wata Lahadi, ina 'yar shekara tara, ya naɗe teburinsa, ya sa farar shaddarsa ta Sallah mai ƙamshin turaren wuta, ya riƙe hannuna muka bi ayarin 'yan yawon buɗe ido. Wata Baturiya mai ɗaga 'yar tuta ce take mana jagora.

A ɗakin kayan Afirka Baba ya tsaya cak. Wani ɗan tandun fata ne a bayan gilashi, ya yi baƙi don tsufa.

"Uwata, zo ki gani," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Irin na mai sunanki ne sak. Ranar da zan bar Maraɗi, daga irinsa ta lakato kwalli ta sa mini a ido, tana kuka, ta ce..."

Sai jagorar ta kaɗa tutarta, ayari ya yi gaba. Baba ya goge ido da bakin riga.

"Mu je kar a bar mu. Na ƙarasa miki a gida."

Barci ya kwashe ni a jirgin ƙasa, washegari kuma ya koma teburinsa. Allah Ya jiƙan Baba. Nakan je in tsaya gaban tandun nan, ƙamshin shaddarsa ya dawo mini, amma har yau ban san abin da Kaka ta ce masa ba.