Masaukin Ɗalibar Barmu

Tabarma, gero tiya huɗu, bokiti, takardar shiga makarantar lise. Kayan da uwar ta rungumo ke nan daga Barmu, tana ta tambayar direba ko birnin Tawa ya kusa. Ɗiyarta ce ta zo ta ɗaya a jarrabawar bireve, za ta zauna gidan dangi a birni.

Da suka isa gidan, ko ruwa ba su sha ba, matar gidan ta nuna tulin wanki.

"Madalla, mun samu hannu. Karatun lakwal sai an gama aiki."

Yarinyar ta durƙusa za ta fara. Uwar ta fizge ta, ta tura ta ɗaki, ta ja ƙofa.

"Hajiya, miƙo sabulun. Karatu ya kawo ta. Ni za ni zauna in yi maki wankin, girbin bana a yi shi babu ni."