Yadda Wa da Ƙane Suka Raba Ram

Ka tambaye ni, Malam Ɗayyabu, wacce ta fi ƙarfin hoto cikin tsofaffin kwamfutocin nan biyu da ke kan tebur. Jawo benci tukuna, ka daina leƙen lambar da ke manne a jikinsu. Bari in ba ka labarin wasu mutum biyu.

Wa ne da ƙane, shagonsu ɗaya, sana'arsu ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Kwamfutar tebur gare su, tsohuwa ta gwanjo, irin wadda ba ta da katin girafik na daban. Abin da ke zana mata hoto a cikin firosesa yake, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tare aka gina su. Irin wannan girafik ba shi da rumbun kansa, daga ram ɗin kwamfuta yake ɗiba, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ke hannunta, kamar baƙon da ke ci a tukunyar masu gida. Ram ɗin nan sanda biyu ne iri ɗaya, kowacce a gurbinta, aiki kuma yana tafiya lafiya lau. Ran nan sai ƙanen ya shigo da wata kwamfutar, ita ma gwanjo, amma ta biyo bayan ta farko da 'yan shekaru, sai dai an zare mata ram. Nan musu ya tashi. Ƙanen ya ce girafik ɗin tasa sabon zubi ne, na yayansa kuwa ya kwana biyu. Wan ya ce tasa ce ta ciyar da su tun ba su da kujerar zama, ba wata baƙuwa da za ta zo ta raina ta. Da ma akwai ƙorafi a ƙasa, na wa ke fita rana da kyamara, wa ke zaune a inuwa, sai kwamfuta ta zama abin fakewa. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Suka raba shago da labule, suka raba kaya, har ram ɗin bai tsira ba: wan ya zare sanda ɗaya ya miƙa wa ƙanensa, wai kada a ce ya ci haƙƙin wani. Ni dai ban taɓa ganin adalcin da ya kai wannan wauta ba.

Ana cikin haka aka yi bikin autarsu. Mahaifiyarsu ciwo ya kwantar da ita, kiɗa da guɗa kawai take jiyowa daga ɗaki. Abu ɗaya ta roƙa, a nuna mata bikin 'yarta ta gani da idonta. Kowannensu ya kwafi bidiyon ya koma bayan labule, ya ci alwashin tasa ce za ta fara gamawa. To, ina! A wajen wan, amarya ta ɗaga ƙafa za ta shiga mota sai ta daskare a nan, guɗa ta wuce ta bar ta. A wajen ƙanen mai cika baki, murya na gaba hoto na baya, in ya zo fitar da aikin kuma injin ya cije. Kowa sai ya leƙa ta gefen labule, ya ga ɗan'uwansa ma yana fama, ya ji sanyi a ransa, ya koma ya ci gaba da tsaki. Duk sanda suka shiga gaishe da tsohuwa sai ta ce, "Har yanzu?" Ba ta ƙara komai a kai, kuma wallahi da zagi ta yi da ya fi musu sauƙi. Jikinta kuwa kullum ja da baya yake.

Ƙanen ne ya fara karaya. Wata safiya ya fito daga ɗakinta, ya ga yadda ta rame, tsoro ya kama shi. Ya je ya kwance kwamfutarsa, ya zare sandar ram, ya ɗaga labule. "Yaya, ga abinka. Ko a taka ko a tawa, Inna dai ta gani." Kunya ta rufe wan. Sai ya zare tasa sandar shi ma, ya ce a sa a ta ƙanen, ai ita ce sabuwa. Suka tsaya kowa na tura wa ɗan'uwansa, har abin ya ba su dariya. Daga ƙarshe suka gwada a duka biyun. Tsohuwar ta tafi sumul. Sabuwar ta ɗan fi ta sauri, gaskiya ne, amma ba fifikon da zai raba 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba. Ashe irin wannan girafik, in sanda ɗaya ce, ta ƙofa ɗaya yake ɗibar kaya, in kuwa biyu ne iri ɗaya, ƙofa biyu ake buɗe masa. Duk gardamar da suka sha, guragu biyu suka sa tsere suna jiran gwani.

Da la'asar suka zuba bidiyon a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa talabijin, suka ɗauki talabijin suka kai ɗakin Inna, suka jingina ta da filo. Ta ga autarta cikin lulluɓi, ƙawaye kewaye da ita, ta taka ta shiga mota. Tsohuwa ta yi guɗa da 'yar muryar da ta rage mata, ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce a maido mata daga farko. Kafin a maido, ta juyo ta dubi 'ya'yanta zaune a tabarma ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ta ce, "Wannan ma na gani, alhamdulillahi." Daren ranar ta nemi tuwo da kanta.

To, Malam Ɗayyabu, kafin ka dubi lamba, fara duba sandar ram nawa ce a ciki. Da ma Hausawa sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.