Rumbun da ke Nesa da Gulbi

Kai Tanimu, ba ka da ta ido? Gemu na neman fito maka, kana shirin jarrabawar shiga jami'a, amma ni za ka tsare da tambaya ina tankaɗe. Wai an ja maka layi a takarda, ya karkata ya nufi sama, an ce ka faɗi abin da karkatar take nufi, kai kuma ka zuba wa inda ya faro ido. Ni ko bihim ban sani ba a bokonku, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Zauna dai, maigidan banza, tunda ka riga ka tambaya. Miƙo min wancan faifan.

An yi wani manomi da ƙanensa, gonakinsu a bakin gulbi ɗaya. Rumbun ƙanen yana dab da ruwa, a kan gaɓa mai tsayi. Na wan kuwa yana can ƙarshen wani shimfiɗaɗɗen fili, sai ka yi tafiya mai kyau kafin ka ji danshi a tafin ƙafarka. Wata shekara, bayan an yanke gero an zuba a rumbu, sama ta ƙi ɗaukewa, gulbi ya fara cikowa. Tausayin ƙanensa ya kama wan, har ya aika masa da jaki ya kwashe hatsinsa. Ƙanen ya mayar da jakin da godiya. Ya ce ya kafa kara a jikin gaɓa, ruwan bai fi ɗan yatsa yake hawa ba duk safiya, kafin ya taɓa rumbu damina ta wuce, shi dai Yaya ya duba nasa wajen.

Wan ya yi dariya har da buga cinya. Kullum da safe sai ya tsaya a gindin rumbunsa, ya kare ido da tafin hannu, ya hango ruwa can yana ƙyalli, ya ce da saura. Kuma gaskiyarsa, da sauran. Sai dai jiya ruwan yana bayan tsamiyar da wan yake ɗaure jaki, yau tsamiyar tana tsaye a cikinsa. Washegari ya haɗiye surin da ke gabanta, wanshekare ya shafe kunyoyin dankali. Duk wannan da idonsa ya gani. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya taka daga tsamiya zuwa suri, ya ji ko ƙasa nawa ruwan yake ci a kwana ɗaya. Matarsa ta ce kwaɗi sun fara shigo mata madafa, ya ce kwaɗi ba su san nisa ba. Ran da hankalinsa ya tashi ya tafi aron amalanke, kafin ya dawo hanya ta zama taɓo, shanu suka tirje, duka bai motsa su ba. Yana tsaye ruwa iya gwiwa, yana kallo gindin rumbu ya jiƙe, laka ta saki, rumbu ya durƙusa kamar raƙumi. Geron shekara guda, har da irin da ya ware na shuka, ya kumbura ya yi tsami. Shekarar nan daga rumbun ƙanen nan iyalin wan suka ci tuwo, rumbun da ruwa ya tsaya masa kamu guda a ƙasa ya juya.

To ka ji. Inda layinka ya faro, nisan rumbu ke nan, ko jariri ya gan shi. In an tambaye ka karkata, abin da ruwa yake ci duk wayewar gari ake nema, kuma ka faɗe shi da ma'auninsa: taku kaza a kwana ɗaya. Wanda ya san wannan ya san ranar da ruwa zai iso tun yana bayan tsamiya. Shi ya sa Hausawa suka ce, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ku kuma ƙanana da kuka saki baki kuna kallona, da ku nake? Kowa ya wanke ƙafa ya hau tabarma. Kada in ƙara jin motsin kowa.