Fulogin Injiniya

Ƙarfe huɗu da rabi daidai Injiniya ya danna wayarsa a ofis, ya miƙe ya ɗauki hula, ya kama hanyar gida da tabbacin ruwan shayinsa na can yana tafasa. Da ya isa, ya tarar da buta sanyi ƙalau.

Ba injiniya ba ne. Mai duba kurakuran rubutu ne a wata maɗaba'a. Sunan ya samo shi ne ranar da ya canza wa agogon bangon ofis batir, agogon ya tashi, shi kuma bai sake sauka ba.

Abin alfaharinsa a duniya shi ne wani ɗan farin fulogi mai wayo da ya maƙala a soket ɗin kicin shekara bakwai da suka wuce, ya jona masa butar lantarki. Ya haɗa shi da wayarsa, ya haɗa da ta Maman yara don ita ma ta shaida ci gaba. Daga kan gado zai danna, daga ofis zai danna, ruwa ya tafasa. Abokan aikinsa uku sun sayi irinsa saboda yawan surutunsa, duk nasu suka mutu kafin shekara biyu. Nasa kuwa ko atishawa bai taɓa yi ba. In ka cire ranar Alhamis daga huɗu zuwa shida, da ba ya amsawa. Wannan kuma Injiniya ya daɗe da gano dalilinsa: cunkoson intanet.

Ko ranar Lahadin da ta wuce sai da ya nuna wa baƙi. Yana zaune a falo ya ɗaga waya sama, ya danna da ɗan yatsa ɗaya. Maman yara tana kicin tana jera kofuna. Ba a jima ba aka ji buta tana huci.

"Kun gani?" in ji shi. "Ba gajiya, ba ƙorafi, ba ciwon baya. Da kowa a gidan nan haka yake, ai da na huta."

Baƙi suka yi dariya. Maman yara ta ajiye tire a hankali ta koma ciki.

Litinin fulogi ya yi lattin minti ashirin. Talata ya yi aiki da safe, ya ƙi da yamma. Laraba ya ɗauke ɗif.

Abin da ya tayar wa Injiniya hankali shi ne manajan maɗaba'a ya ce ranar Asabar zai zo da iyalinsa su ga wannan abin mamaki da idonsu. Shekara bakwai na cika baki suna shirin zubewa a gaban mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girma.

Ya tuɓe riga ya shiga kicin, wurin da rabonsa da shi tun ranar da ya maƙala fulogin. Ya kashe na'urar intanet ya kunna. Ya ɗauko ta daga falo ya ɗora a kan firji, wai ko nisa ne. Ya goge manhaja ya sake saukewa. Ya zare fulogin ya hure shi, ya ɗan buga shi a tafin hannu, ya shanya shi a rana na awa guda. Ya mayar, ya danna. Ɗan hasken jikinsa ya koma shuɗi yadda ya saba. Buta ko motsi.

Butar kam bai taɓa ta ba. A ganinsa buta buta ce, ba ta da wayon da za ta lalace.

"Maman yara, ko kin ga wani ya taɓa shi?"

"Ni dai ban taɓa komai ba," ta ce, tana yanke farce a kan kujera. "Tun Laraba ban taɓa komai ba."

Ya gode mata, ya ci gaba da bincike.

Ranar Juma'a ya haƙura ya kira mai gyaran lantarki, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Injiniya ya tsaya a kansa yana ba shi tarihi, har da bayanin cunkoson Alhamis. Dattijon ya kwance fulogin da sukundireba, ya kai hanci ya shinshina, ya ɗaga shi saitin taga.

"Danna mu gani."

Injiniya ya danna. Daga can falo wata waya ta yi 'yar ƙara.

"Maigida, hasken nan kawai ke aiki. Ƙarfen da ke kunnawa da kashewa ya narke ya manne, wuta wucewa kawai take yi dare da rana. Kuma ita butar nan, ko sabon fulogi ka sa mata, sai an zuba mata ruwa an danna wannan maɓallin da hannu. Abin nan ya yi aƙalla shekara biyar da mutuwa."

Injiniya ya dubi fulogi, ya dubi buta, sannan ya juya a hankali.

Maman yara tana jingine a bakin ƙofa, waya a hannu.

"Shida da wata huɗu," ta gyara wa dattijon. "Duk sanda wayar nan ta yi ƙara ni ke tashi in danna, in ban da Alhamis da nake zuwa gidan Inna. Gobe in manaja ya zo, sai ka gaya masa fulogin ya yi murabus."