Makiyayin da Ya Tsare Raga

Kai da kake ƙorafi wai sa'o'inka duk sun yi maka nisa, gyara zama ka ji labarin wani ɗan ƙwallo na ƙasar Botswana, can kudancin Afirka, inda rairayi ya fi ciyawa yawa. Kafin ya san takalmin ƙwallo kiwon shanu ya sani, kuma a jejinsu akwai abin da kowane makiyayi ke koya tun yana ƙarami: in saniya ta ɓalle ba a bin ta da gudu, don ƙishirwa za ta kashe ka ka bar ta tana tuƙa. Bakin rijiya ake zuwa a zauna, tunda ita kaɗai ce a yankin, ko ina saniyar ta zaga nan za ta dawo. Da wannan hali ya shiga ƙwallo, aka ba shi tsaron baya. Ɗan gaba zai ɗauko ƙwallo kamar an koro shi, shi kuwa gogan naka sai ka gan shi yana sassarfa wani gefe daban, kamar wanda aka aika sayen gishiri. 'Yan kallo suka sa masa suna Hawainiya. Kulob ɗin garinsu ya sayar da shi ga na babban birni, na birni ya tura shi Afirka ta Kudu, can ma ya zaga ƙungiyoyi har ya rasa launin rigar da zai kira tasa. Kowane koci yakan yarda ba a cika cin su ba in yana fili, amma hawan jinin kallonsa ne ba sa iya ɗauka. Wani ya taɓa tsare shi ya tambaye shi dalilin da ya sa ba ya bin mutum. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ya je ya gama yawonsa, ragar ai guda ce." Ƙasarsa ce kaɗai ba ta gaji da kiransa ba, shi ma bai taɓa ƙin amsawa ba, duk da yawanci kashi suke zuwa su sha su dawo. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga tutarsu a gasar cin kofin Afirka yana cikin masu sanye da rigar. Aka yi ta nema ana faɗuwa. Abokan da suka fara tare suka yi tumbi, suka koma sharhi a rediyo, shi kuwa furfura ta fara leƙo masa a gemu, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Sai ga wasan neman shiga gasar da ya san in suka faɗi daga shi babu wani, likita ya riga ya gaya masa. Canjaras kawai suke nema su wuce, kuma sun riƙe shi har alƙalin wasa ya fara duban agogo. Nan fa ƙwallo ta faɗa ƙafar ɗan gaban baƙi, wani matashi da in ya zura ko inuwarsa sai ta yi da gaske take kamo shi. Tsohon na kusa da shi a tsakiyar fili, ƙafarsa na cewa bi shi, filin duka na ihun a bi shi. Sai ya juya masa ƙeya, ya miƙe tsakiya da 'yar sassarfarsa. Zagin da ya sha a wannan taƙi, da ana ɗurawa a buhu da ya ishi gari. Yaron ya yi gefe ya yanke na farko, ya dawo ciki ya zaunar da na biyu, gola ya fito ya kwantar da shi a ƙasa, ya ɗaga kai ya ɗirka wa raga. A kan layin raga ya tarar da dattijo tsaye yana haki. Ƙwallon ta doki ƙirjinsa, ta sauka a gabansa lakadan kamar ɗan akuya ya ga uwarsa, ya sa ƙafa ya taka ta. Filin nan mai cin dubban mutane ya yi tsit, har ana jin tutoci na kaɗawa. Yaron da ya buga ya riƙe ƙugu yana kallonsa kamar ya ga aljani da rana tsaka. Ana cikin wannan shiru usur ya tashi. Waɗanda suka zage shi ɗazu su suka ɗauke shi a kafaɗa, manyan mutane da gemunsu suna hawaye, shi kuwa roƙonsu kawai yake su bi masa gwiwa a hankali. Ya je gasar, ya tsaya a layi aka buga taken ƙasarsu, ɗan wasan da ke gefensa sa'an ɗansa ne. Shi ya sa Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.