Iyalin da ke Cikin Takardun Kamfani

"Na'urar gwajin tana nan, Inna, lafiyarta ƙalau," in ji likitar. "Hannunmu aka ɗaure."

Karo na huɗu ke nan Inna tana kawo jikarta a gwada ta, ko ta gaji ciwon da ke ɗauke 'ya'yan gidansu tun suna ƙanana. Ta gyara goyon, ta zauna. Ko ƙarfin faɗa ba ta da shi.

Likitar ta ce wani kamfani ne ya gano ƙwayar gadon da ke kawo ciwon, ya yi mata rajista a matsayin mallakarsa. Ba mai gwaji ko bincike a kanta sai da izininsa. Asibitin ya aika musu wasiƙa uku, shiru.

"Abin da ke jikin mutum ake yi wa rajista, 'yar nan?"

Likitar ta turo mata takardun kamfanin. Inna ba ta karatu, sai idonta ya tsaya kan wani zane.

"Iyalin da aka ɗebi jininsu ne," in ji likitar. "Da'ira mace, akwati namiji, wanda aka ja wa layi ya rasu."

Inna ta bi da yatsa. Uwa ɗaya, 'ya'ya bakwai, tagwaye a tsakiya, uku an ja musu layi. Ta tuna baƙin nan masu farar riga, shekara ashirin baya, da suka ce taimako suka kawo, suka ɗebi jininta da na 'ya'yanta.

Ta ɗora yatsa kan da'irar sama.

"Rubuta musu ta huɗu. Ki ce wannan ce ke neman izini."